Shekarar da Isiya Ya Kori Shamuwa

Shekaranjiya da hantsi na gangara bakin dam, na iske wasu samari da 'yan mata sun ajiye mota a gindin gawo, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Na zaci masu auna filaye ne, har na fara ɗaure fuska. Da muka gaisa sai ɗayansu ya ce daga makaranta suke, tsuntsaye suka zo kallo. Na ce, "Kallo kawai? Ba kamu, ba ci?" Ya yi dariya ya ce, "Kallo kawai, Baba." Ya nuna mini waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu dogayen ƙafafu da ke tsere a kan laka, ya ce daga ƙasashen Turawa suke, sanyi ke koro su, duk kaka sai sun zo. Ikon Allah! Na tsufa ina ganin 'yan tsuntsayen nan, ban taɓa sanin baƙi ne daga uwa duniya ba.

Amma wallahi yaran sun ba ni haushi. Ga su fes-fes, ga ruwan sanyi a roba, ga biskit, suna kallon tsuntsu suna murna. Ni ma na taɓa zama a wannan gaɓar ina kallon tsuntsu daga asuba har rana ta take, sai dai ni da yunwa na yi nawa kallon, kuma ba nishaɗi ya zaunar da ni ba. Uwata nake tsoron a ƙwace mini.

Sunana Lawal, sunan kuwa ya gaya maka komai: ni ne ɗan fari. Uwa a wurinmu ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. Alkunya ce, haka ta gada. Tun da Inna ta haife ni ban taɓa jin "Lawal" ya fito daga bakinta ba. "Wancan" nake. In tana da magana da ni, ko ina tsaye a gabanta, sai ta dubi mai ɗakina Asabe ta ce, "Ki ce da wancan ana sallama a zaure." Shi kuwa ƙanena Isiya, autanta, sai ka ji "Autana, zo nan," "Auta, ka ci abinci kuwa?" Gardi da gemu da mata, tana shafa masa kai. Na san al'ada ce. Sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba.

Baba ya rasu da rani, shekara arba'in ke nan ko kusa. Da aka zo rabon gado aka fitar wa 'yan'uwanmu mata nasu, saura ni da Isiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya ya zaɓa." Na kuwa zaɓa. Na ɗauki gonar tudu, babbar gonar Baba, wadda dawa kaura ke tsawo a cikinta har ta ɓoye mai doki. Na bar masa 'yar gonar kwari da ke gangaren dam, inda ruwa ke kwanciya duk shekara, ciyawa ta fi amfanin yawa. A gida na ɗauki gaba: zaure da rijiya da ɗakin Inna. Ɗakin Inna shi ne magana. Uwa a wurin babban ɗa take zama, tuwonsa take ci, wannan ko yaron goye ya sani. Na ce a raina, tunda ba za ta kira sunana ba, to ta ci daga rumbuna kowa na gani. Aka ba Isiya bayan gida, aka ja dangar kara tsakaninmu, aka bar 'yar ƙofa.

Abin da na manta shi ne tsamiya. Da rani aka yi rabon, tana tsaye a bayan gida ba kowa a kanta sai tsofaffin ƙirare. Hadarin farko na haɗuwa sai ga shamuwa sun iso, kamar yadda suka saba tun zamanin kakanmu, suka sauka a kanta suna gyaran sheƙa. A gidan Isiya.

Shamuwa ba a jifanta, ba a cin ta. Ita ke zuwa da damina, kuma gidan da ta zaɓa an ce da albarka a cikinsa. Mutane sai su ratsa ta zaurena, nawa fa, su ce mini "Sannu Malam Lawal" a tsaitsaye, su wuce su yi wa Isiya barka. Ina jin su ta kan danga: "Kai, Isiya, ashe albarkar marigayi nan ta biyo!" Inna ma da ta karya sai ta ɗauki mazarinta da auduga ta bi 'yar ƙofar nan, ta wuni a gindin tsamiya tana kaɗi, tana hira da autanta. Sai magariba ta dawo wurina ta ci tuwo ta kwanta. Na ce ba komai, ai tuwon nawa ne.

Akwai 'yar darbejiya da na dasa a tsakar gidana. Na samo tsohon kwando na cika shi da ƙirare, na hau na ɗaure a can sama, don na ji an ce shamuwa in ta ga an fara mata gini takan ƙarasa. Asabe na ƙasa ta riƙe haɓa tana kallona. Aka yi kwana da kwanaki ba abin da ya leƙa kwandon nan sai hankaka, shi ma ya duba ya yi gaba. Isiya ya leƙo ta kan danga ya ce, "Yaya, ko in aiko maka da biyu aro?" Inna ta yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba, har yau ban gani ba.

Aka yi ruwan shuka mai kyau. Muka fita, ina gaba da sungumi ina sara, Asabe da yara na baya suna zuba iri suna takewa. Kaura ta tsiro kore shar, ina zagaya ta da safe ina jin kaina ya kai na Baba. Daga nan sama ta ɗauke. Da asuba ka ga ganye a miƙe, kafin azahar ya murɗe. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya da gudu, sai ya watse kamar ba a yi ba. Muka fita bayan gari roƙon ruwa, riguna a juye, tsofaffi na hawaye. Shukar tudu duk ta ƙone, tawa da ta maƙwabta. Ita kuwa gonar kwarin da na raina, inda Isiya ya zuba masara da takin zamani, damshin dam ya riƙe ta, ko a jikinta.

Ruwa ya dawo a makare. Isiya ya same ni a zaure da ƙwarya biyu, ya durƙusa ya ajiye.

"Yaya, lokaci ya ƙure wa kaura. Ga gero, ga wake. Ka zuba su, ko ba komai za su nuna kafin ruwa ya ɗauke."

Na ce, "Gonar Baba ce za a mayar gonar wake? Kai yaushe aka haife ka?"

"Ba raini ba ne, Yaya."

"Ɗauki kayanka."

Na sauko da sauran zangarniyar iri da Baba ya rataye da hannunsa, na sake shuka kaura. Kuma har gobe ban ce na yi kuskure ba. Da shekarar kirki ce da kaurar ta yi, damina ce ta ci amana.

Noma tare muka yi, don raba tukunya ba raba jini ba ne. Aka yi gayya a gonata, aka yi a tasa. Gayyar shekarar ba tuwo ba fura, kunu ne tsararo a tulu, makaɗi ma ba ƙarfin zuga. Ranar da aka yi a gonar Isiya masara ta kai mini ƙirji, ganyenta har wani baƙi-baƙi yake don ƙoshi. Kowa ya ɗago sai "Masha Allah." Ni ina duƙe da fartanya, gumi na shiga mini ido, ko ɗagowa ban yi ba. Wani dattijo da ke kuyyar kusa da ni ya gyara murya ya ce, wai da kansa yake, "Hassada ga mai rabo taki ce." Na san da ni yake. Na ƙara sauri na bar shi a baya.

Sai yunwa ta shigo. Wanda bai ga yunwar tsakiyar damina ba bai san yunwa ba: ko'ina kore, ba abin sawa a baki. Da fari Asabe daga bakin rumbu take miƙa hannu ta ɗebo. Sannan sai ta shiga. Sannan na fara jin ƙarar tsintsiya a ƙasan rumbun. Da safe kunu ne wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa ko rama, ƙuli-ƙulin ma sai an lalubo shi. Da magariba tuwo, malmalar da da mutum ɗaya ke tashi da ita, yanzu ta yara uku ce. Marka ta zauna, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida ba wuta, ɗakuna na yoyo, zazzaɓi na bin yara ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka kwanon Inna ake fara zubawa, wannan ni na kafa dokar. Ashe in na fita masallaci sai ta kira jikokinta ta raba musu, ta lashe hannu ta ce ta ƙoshi.

Ana cikin haka masarar Isiya ta nuna. Allah na tuba, ban taɓa ƙin wani ƙamshi kamar na gasasshiyar masarar nan ba. Da la'asar sai ya ratso dangar kara ya shigo har ɗakina, ka ga yarana suna haɗiyar yawu. Isiya ya aiko da ɗanɗano a faifai, na karɓa, don wannan al'ada ce, sabon amfani ana kai wa na gaba. Bayan kwana kaɗan sai ga shi da buhu a ka.

Na ce, "Mayar. Ba mu kai nan ba. Babban wa ke ciyar da ƙane, ba a taɓa juyawa ba."

Ya sauke buhun ya tsaya. Isiya ba ya ɗaga mini murya, ranar ma bai ɗaga ba.

"Ba don kai ba, Yaya. Ka dubi Inna. Ka dubi wuyanta. In ba za ka karɓa ba, to ta dawo wurina."

Nan ne na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na ce, "Ashe can ka dosa. Tsamiya ba ta ishe ka ba, shamuwa ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da Inna?"

Tana ɗaki tana jin mu. Sai muka ji ta kira Asabe, ta ce da ƙarfi yadda za mu ji, "Ki ce da su su bar tara mini jama'a. Ina nan inda nake har a ga abin da dawa ta yi."

To, magana ta koma kan dawa. In ta nuna, Inna tawa ce. In ba ta nuna ba, ta tafi.

Dawar kuwa ta yi ƙoƙari, baiwar Allah. Ta yi kara, ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi bununi. In ka matsa ƙwayar sai ɗan farin ruwa ya fito. Ruwa ɗaya take nema, mai kyau guda ɗaya, ta cika. Amma kaka ta riga ta kunno kai. Gero na wasu ya shiga gida, rana ta koma mai cizo, sama ta yi fari fat. Shamuwa suka bar kan itatuwan gari da 'ya'yansu da suka yi fiffike, na tsamiyar Isiya da na sauran ƙauyuka har wajen Dayi, duk suka taru a bakin dam kamar yadda suke yi kafin su tafi.

Baba yakan ce, muddin shamuwa na bakin ruwa, sama ba ta rufe ba, ranar da ta tashi ka rataye fartanyarka. Wannan maganar na riƙe. Da na sallame asuba sai in bi ta gona in duba dawa, in gangara dam in zauna a kan wani dutse, cikina ba komai sai ruwan rijiya.

Ban taɓa sanin dam ɗin nan na da jama'a haka ba sai a kwanakin. Ruwan ya ja baya, ya bar laka mai faɗi tana warin kifi. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai bin sallar da ba ta ƙarewa. Kirinjijiya na tasowa garke-garke suna fito. Belbela ta bi shanun Fulani da ke gangarowa shan ruwa. Kullum sai na ga baƙin fuska: yau 'yan masu dogayen ƙafafun nan sun ƙaru, gobe tsattsewa sun cika sama suna shafar ruwa da ƙirji. Ni duk ba su ne a gabana ba. Idona na kan shamuwa, baƙaƙe da farin ciki, sun rufe gaɓar gabas suna tafe a hankali cikin ciyawa suna tsintar fara. Wani lokaci in taya su, in kama tawa farar in cika aljihu, Asabe ta soya wa yara. Ni da shamuwa abinci ɗaya muka ci a kakar nan.

In hantsi ya yi sai waɗansu su tashi su ɗan kewaya, gabana ya yanke ya faɗi, sai in ga sun sauko. In ce alhamdu lillahi, yau ma mun kwana. Na zama makiyayinsu ba wanda ya ɗauke ni aiki. Mai kare in ya doso, in tare shi tun daga nesa. Masunci in zai tura kwalekwale ta gefensu, in roƙe shi ya zagaya. Gari ya ɗauka, wai Lawal ya zauce, yana gadin shamuwa. Ko oho. Kar ka ce mini tsuntsu ba ya riƙe ruwa, na sani, na yi karatun allo. Amma mai neman ruwa ɗaya tak, in an ce ya riƙe wutsiyar iska ma riƙewa zai yi.

Ran nan na iso na ga alama mai kyau. Zafi ya yi nauyi tun da safe, iska ta tsaya cak, can gabas gajimare ya fara tsiri. Na ce yau kam in Allah ya so. Ina zaune hantsi ya ɗaga, shamuwa na kiwonsu lafiya lau, sai na ji daram! daga cikin doguwar ciyawar bakin ruwa.

Dam ɗin gaba ɗaya ya tashi sama. Kuka, fito, fiffike, har rana ta dushe. Na miƙe tsaye ina salati. Kirinjijiya suka kewaya suka dawo. Belbela ta dawo. 'Yan ƙananan suka dawo kan lakarsu kamar ba abin da ya faru. Shamuwa ba su dawo ba. Suka shiga kewayawa, suna hawa, suna hawa, ba mai ko kaɗa fiffike, wasu na bin wasu kamar guguwa, har suka koma ɗigo-ɗigo. Ina ɗaga hannu ina cewa, "Ku sauko! Don Allah ku sauko!" Sai na gaba suka miƙe kudu, sauran suka bi.

Ciyawa ta buɗe, wa zan gani? Isiya, wando a naɗe, bindigar aro a kafaɗa tana hayaƙi, ga dinya, ƙatuwar agwagwar ruwa, a hannu yana riƙe da wuyanta.

"Isiya! Uban wa ya aike ka?"

Ubanmu ɗaya, amma ranar sai da na tambaye shi. Ya ɗaga dinyar ya nuna mini.

"Yaya, Inna na samo wa romo. Jiya da ta tashi alwala jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafa bango."

A gidana ta yi jirin, a bakin Isiya na ji. Wannan ya fi ƙarar bindigar shiga jikina.

Na nuna masa sama na ce, "Ka kore su. Ka san abin da nake tsaro, ka zo ka kore su."

"Haba Yaya, don Allah. Shirwa ta dawo tun shekaranjiya, raɓa ta fara sauka. Ko ban harba ba, yau ne ko gobe."

"Goben nake nema! Goben nan ita nake nema, ɗan nema!"

Ya sunkuyar da kai, jinin dinya na ɗiga a ƙafarsa. Da a ce ya mayar mini da magana da mun doku na huce. Bai mayar ba, Isiya ke nan.

Da la'asar hadarin ya taso sosai, har da cida. Na tsaya a tsakiyar gona na buɗe hannuwa. Aka yi 'yan ɗigo manya-manya, ƙasa ta yi ƙamshi, sai ga bakan gizo ya ratsa gabas. Tsofaffi suka ce ya shanye ruwan. Daga ranar ba a ƙara ko yayyafi ba.

Kan dawa in ya cika sunkuyawa yake. Nawa suka bushe a tsaye ƙiƙam. In ka murza a tafin hannu ka hura, sai ka ga hannunka wayam. Abin da na ɗaure daga babbar gonar Baba, jaki bai yi wahalar kai shi gida ba. Awaki ne suka ci riba, sun sami karmami.

Inna ba ta jira an yi mata magana ba. Da safe ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta da mazari, matar Isiya ta zo ta ɗauki akwatin. Tafiya ce da ko tsohuwar kaza ba za ta gaji ba, daga ɗaki zuwa 'yar ƙofar danga. Ni ina bakin zaure na sa igiya a gaba wai ina tufka. Da ta zo daidai ƙofar sai ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta dubi Asabe.

"Ki ce da wancan ba tuwonsa na raina ba. Baki ɗaya in ya ragu, na yara ya ƙaru."

Ta sunkuya ta shige. Na ci gaba da tufkar igiyar da ba ni da abin ɗaurewa da ita.

Ranin nan da tuwon masarar Isiya yarana suka rayu, kuma ban roƙa ba ko sau ɗaya. Inna ce ta san yadda ta yi. A cika mata kwano a can, ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ina 'yan banzan nan? Ku zo ku taya ni, ba ni da haƙora." In sun gama ta ce miyar ta yi mata yaji, a miƙa wa Asabe sauran. Isiya na gani, kullum kwanon ƙara girma yake, bai taɓa cewa komai ba. Ni kuwa na tafi Funtua dakon auduga, ina dawowa da ɗan abin da ya samu. Ta rufa mini asiri da hatsin ƙanena. Za ka ce in gode masa. Na gode wa Allah, na gode mata. Shi kuwa na daɗe ina juya abin, don mai ba ka abinci bai bari ka ji kunya ba, ba ka da inda za ka kama shi.

Damina ta gaba ta yi kyau, kaura ta ɓoye mai doki, rumbuna ya cika har na gina wani. Na sa aka yi wa ɗakin Inna sabon daɓe, na aiki Asabe ta ce mata ɗaki na jira. Ta ce, "Ki ce da wancan tsoho in ya zauna tashi wuya. Na saba da inuwar tsamiya." Shekara ta bi shekara, amsar ke nan. A ɗakin Isiya ta cika, kanta a kan cinyarsa, ni ina tsaye daga bakin ƙofa kamar maƙwabci.

Sai bayan an yi sadakar bakwai Asabe ta ce mini, "Malam, ka san lokacin da kake zuwa gadin dam? Kullum in na kai mata kunu sai ta ce, tsuntsayen wancan suna nan? In na ce suna nan, sai ta ce Allah ya zaunar da su." Na ce, "Shi ne ba ki gaya mini ba sai yau?" Ta ce, "Ita ta hana." Kai, alkunya! Kalma ɗaya da za ta riƙe ni shekara da shekaru, aka ɓoye ta sai da mai ita ta tafi.

Ni da Isiya muka tsufa danga ɗaya. Duniya ta canza a gabanmu. Yanzu kowa masara yake yi, ga iri mai saurin nuna, ga injin ban-ruwa zagaye da dam na ta ƙugi, yara a waya suke duba ko za a yi ruwa. Ba mai ɗaga kai ya nemi shamuwa don sanin halin damina. Mu biyu ne kawai ba mu bari ba. Duk kaka in sun tashi sai in leƙa ta kan danga in ce, "Bana wa ya harba?" Ya ce, "Yaya, kai ba ka gajiya?" In ce, "Ba ka ba ni damina ta ba tukuna."

Bara Isiya ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da muka kai shi maƙabarta masu haƙa suka duba suka ce ga wuri nan, daidai gefen Inna. Mutane na cewa Allahu akbar, uwa da autanta. Ina riƙe da makara hawaye na zuba, kuma Allah ya sani ba duka na rashi ba ne. Auta ya sake riga ni.

Da rani 'ya'yansa suka sare tsamiyar, wai za su yi ɗakunan bulo. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ba wanda ya ji. Da hadarin farko na bana sai ga shamuwa. Suka kewaya bayan gida, suka kewaya, ba tsamiya. Sai suka sauka a kan darbejiyata, wadda yanzu ta fi zaure tsawo. Ba kwando, ba roƙo. Mutane suka zo barka, wannan karon a zaurena suka tsaya: "Malam Lawal, gida ya yi albarka!" Na amsa, na ba su goro. Ina ta duban danga, ba mai leƙowa.

Shi ya sa shekaranjiya na gangara dam, rakiya na je. Yaron nan ya ɗora mini madubinsa a ido ya murɗa, sai ga shamuwa a gabana kamar in taɓa, har jan da ke gefen idonta na gani. Hantsi na ɗagawa suka fara tashi, suna kewayawa, suna hawa. Ba kare, ba kwalekwale, ba wanda ya harba komai. Suka miƙe kudu. Yaran na tafa hannu suna murna. Na miƙa wa yaron madubinsa na ce, "Waɗannan don kansu suka tafi. Na waccan shekarar korar su aka yi." Ya dube ni bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba.

Da zan koma gida na bi ta maƙabarta. Na cire takalmi, na tsaya a kan kaburburan nan biyu, na yi musu addu'a su duka, ban rage wa kowa ba. Da na shafa sai na matsa ta wajen kanta, na rage murya na ce, "Inna, wancan ne. Bana a gidana suka sauka."

Isiya ban ce masa komai ba. Yana nan gefenta, na san ya ji.